Kalmar "Decide" da Yankan da Ke Cikinta

Ina ƙaramin malami, wani dattijo maƙwabcina ya shigo mini da takarda daga wani ofishi, fuskarsa cike da fara'a. Ya nemi diyyar gonarsa da hanya ta ci, jikansa kuma ya karanta masa amsar, ya ce an yanke shawara a kan maganarsa. Da na duba, sai na ga an rubuta "decided against". Gaskiya ne an yanke shawara, amma ta hana shi ce. Na daɗe ina jujjuya takardar kafin na iya cewa, "Baba, sai dai haƙuri."

Tun daga ranar ban ƙara raina wannan aikatau na Ingilishi ba. Asalinsa kalmar Latin ce, "decidere", wadda aka gina a kan "caedere", wato yanka. Ta biyo ta Faransanci ta shiga Ingilishi a ƙarni na 14. Abin sha'awa, ko da yake harsunan ba dangin juna ba ne, Bahaushe ma yankan ya hango, shi ya sa yake cewa yanke shawara, yanke hukunci. Ana ta kai-kawo da magana, sai a sa wuƙa a datse ta, kowa ya huta.

A nan ne "decide" ta rabu da "choose", wadda ke nufin zaɓa, ko da yake ɗalibaina sukan cakuɗa su a jarrabawar fassara. Zaɓi yana bukatar abubuwa a gaban mutum ya ɗauki ɗaya. Uwargida ta zaɓi atamfa a Kantin Kwari, amma tun a gida ta tsai da shawarar saye, bayan ta kwana tana wasiwasi. Wannan tsayarwar ita ce "decide".

Sai kuma ƙananan kalmomin da ke biye da ita, waɗanda su ne suka kayar da jikan dattijon. "Decide to" aikatau take ja, "decide on" suna take ja, "decide between" tana sa abubuwa a ma'auni, "decide against" kuwa ƙi ne ƙarara. Wani lokaci ma ba mutum ne mai aikin ba. In Bature ya ce ƙwallo ɗaya ta "decided" wasa, ƙwallon ba ta yi shawara da kowa ba. A Hausa sai mu ce ita ce ta raba gardama.

Dattijon dai ya ninke takardarsa ya sa a aljihu, ya tambaye ni ko akwai inda ake ɗaukaka ƙara.