Wayar da Na Raina a Bayan Murhun Gas

Ranar da muka kawo sabon murhun gas gida, tsorona duk yana kan tukunyar gas ɗin. Na sa mai sayar da gas ya ɗaura tiyo a gabana, ya matse bakinsa da ƙarfe, muka shafa ruwan sabulu a kowace mahaɗa muna duba ko kumfa za ta tashi. Ba ta tashi ba. Na ce alhamdu lillahi, an gama. Igiyar wutar da ke reto a bayan murhun kuwa ko kallon kirki ban yi mata ba, na cusa ta a wani tsohon ekstenshin da firji ke kai.

Murhun irin mai kai huɗu ne, uku na gas, ɗaya na lantarki, ga maɓallin da ke ƙyasta wuta ba sai da ashana ba. Bayan kamar sati biyu uwargida ta ce, "Maigida, abin nan fa yana ɗan ja na idan hannuna da ruwa." Na ce ƙila zafin ƙarfe ne. Ta yi shiru irin na wadda ta san lokaci zai ba ta gaskiya. Wata asuba na shiga kicin ba takalmi, ƙafata da danshin alwala, na dafa gefen murhun zan ɗora shayi. Har gwiwar hannu na ji abin.

Mai gyaran wuta da ya zo bai yi dogon bayani ba. Ya ɗora testa a jikin murhun, 'yar fitilar ta kawo ja. Ya kwance soket ɗin bangon da ekstenshin ɗin ke ciki, ya nuna mini waya biyu kacal. "Alhaji, ina ta ukun?" Babu. Wanda ya yi wayarin gidan ya ci kuɗinta, ko mai gidan ya ga tsada, Allah masani. Filogin murhun mai ƙafa uku ne, irin na Ingila da muke amfani da shi a Najeriya, amma doguwar ƙafar nan ta sama ba ta taɓa komai a cikin bango.

A nan na fahimci aikin wannan waya ta uku mai launin kore da rawaya. Kullum zaune take kamar ba ta da amfani, shi ya sa ake raina ta. Sai ranar da rufin wata waya ya narke a cikin murhu, wuta ta hau jikin ƙarfe, sannan ita ce za ta kwashe ta zuwa ƙasa. In babu ita, wutar mai ƙarfin bolt 230 za ta jira wanda zai taɓa, ta bi ta jikinsa. A namu murhun, wayar kan lantarkin ce ta goge da gefen ƙarfe har ta fito tsirara.

Aikin ya ci yini guda. An haƙa rami a bayan kicin, aka kafa sandar jan ƙarfe, aka zuba gawayi da gishiri kamar yadda masu aikin suka saba, aka jawo waya har allon wutar gidan. Mai gyaran ya ce busasshiyar ƙasa ba ta karɓar wuta da kyau, don haka in hunturu ya tsananta a riƙa zuba ruwa a wurin. Ya ƙara wata na'ura mai yanke wuta da zarar ta ji yoyon da ya kai miliamfa 30, domin sandar kaɗai ba lallai ta sa fis ya ƙone ba. Murhun ya samu soket nasa shi kaɗai, a gefe, nesa da harshen wuta da tukunyar. Na kawo shawarar a ɗaure wayar a jikin bututun gas a huta da haƙa, ya dube ni kamar na yi saɓo.

Abin da ya fi tayar mini da hankali daga baya shi ne ekstenshin ɗin. A ƙasa yake, dab da tukunya mai kilo 12.5, bakinsa ya yi baƙi saboda tartsatsi. Gas ɗin girki ya fi iska nauyi, in ya yi yoyo ƙasa yake kwanciya, daidai inda na ajiye masa abin kunnawa. Shi ya sa in an ji warinsa ba a taɓa makunnin fitila, ko kunnawa ko kashewa. A rufe kan tukunya, a buɗe taga da ƙofa.

Mai karatu, in matarka ta ce murhu yana ja, zare filogin nan take, ka kira mai gyaran wuta ya kwance soket, ka ƙirga wayoyin da idonka.