Kurar Gardi

In kaka ta yi a ƙasar Haɗejiya, aka kai gero da dawa rumbu, kasuwanni irin ta Kafin Hausa su kan cika maƙil. Wani lokaci sai a ji ganga a bakin kasuwa, yara su ruga a guje. Gardawa ne suka iso da kura da gwaggon biri, wani sa'i har da mesa cikin akwati.

Gardi ya kan yi ɗamara da layu da guraye, sarƙa a hannu ɗaya, kulki a ɗaya. Kura kuwa an sa mata takunkumi, don haƙoranta suna fasa ƙashi. In ta yunƙuro mutane su watse, in ya buge ta su dawo suna dariya suna jefa kuɗi. Daga nan aka sami karin maganar nan, kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Shi ma dai ba don mugunta ya ke yi ba. Sana'a ce ta gado, da ita ya ke ci da iyali, da ita ya ke saya wa kurar nama.

Amma kura dabbar dare ce. Da rana ta kan kwanta a rami ko a inuwa, sai duhu ya yi ta fita yawo tare da 'yan'uwanta, mace ce kuma ke shugabancin garken. Ta kan haifi 'ya'ya biyu, su sha nono har fiye da shekara. To, wadda a ke ja a kasuwa da rana tsaka an raba ta da duk wannan. Ga zafin ƙasa, ga ƙarar ganga, ga baki a ɗaure.

A da, wasan ba ya wuce idon 'yan kasuwa. A 2005 wani mai ɗaukar hoto daga Afirka ta Kudu, Pieter Hugo, ya zo Nijeriya ya ɗauki hotunan gardawa, suka zaga duniya. Waɗansu suka yi mamaki, waɗansu suka ji tausayin dabbobin. Yanzu kuwa kowa da wayarsa. Kafin a tashi daga wasa, hoton ya hau Facebook da TikTok.

Abin da waya ke nunawa ba shi ne duka ba. Birin da aka sa wa riga ya kan yage baki, haƙora a waje, masu kallo su ce dariya ya ke yi. Masana halin dabbobi sun ce sau da yawa tsoro ne ke sa biri yin haka. Waya ba ta kuma nuna yadda aka kamo shi yana ƙarami, alhali uwar biri ba ta sakin ɗanta da daɗi.

In la'asar ta yi sanyi, kasuwa ta watse, gardawa su kan ƙirga abin da suka samu, su jawo kura da biri su ɗora a mota, sai kuma kasuwar gaba.