Shingen da ba ya tare akuya

Ranar wata Asabar, bayan an kwana ana sheƙa ruwa, wani ɗan uwa mutumin Maraɗi da ke zaune a Greensboro ya ɗauke ni a motarsa muka miƙa arewa a kan hanya mai lamba 220. Ba mu jima ba muka shiga Summerfield, gari mai mutane kusan dubu 11 wanda sai a 1996 ya samu majalisarsa. Da can gonaki ne da makiyayar dawakai. Yanzu kuwa katafila na ta share fili ana yanka fulotai.

Ƙasar wajen ja ce jawur, mai yumɓu. A bakin kowane filin gini na ga an ja wani baƙin ƙyalle an ɗaure shi da turakun ƙarfe, tsayinsa bai kai ƙugu ba. Ta ciki taɓo ya taru ya jingina da shi, ta waje kuwa ciyawa fes.

Na ce, "Malam, wannan shingen ai ko akuya ba zai tare ba."

Ya yi dariya ya ce, "Ƙasa yake tarewa. Ƙasarka ta tsaya a filinka, dokar ke nan."

Tun 1973 jihar Karolina ta Arewa ta kafa wannan doka. Duk wanda zai tone filin da ya haura eka ɗaya sai ya miƙa tsarin yadda zai hana zaizayar ƙasa, a amince masa, kafin katafila ta taɓa wurin. Jihar ta ba wasu ƙananan hukumomi ikon sa ido, ciki har da gundumar Guilford inda Summerfield take. Jami'ansu kan zagaya su duba shingen, da ramin da ake haƙawa don ruwa ya kwanta laka ta zauna, da tsakuwar da ake zubawa a ƙofar fili don kada tayar tifa ta fito da taɓo kan kwalta. Tarar saɓa doka na iya kaiwa dala 5,000 a kowace rana.

Ban gane dalilin tsananin ba sai da muka tsaya a bakin tafkin Higgins. Shi da tafkunan Brandt da Townsend na cikin inda Greensboro ke ɗibar ruwan sha, kuma rafukan wannan yanki can suke gangarawa. Lakar da ta kuɓuce daga filin gini tana cike tafki, ta ƙara kuɗin tace ruwa. Ashe ruwan shayin da muka sha da safe a gidan abokina, wannan ƙyallen na cikin masu gadinsa.

Nan na tuna da ginin da nake tura wa kuɗi a Kano. A hoton ƙarshe da ƙanena ya aiko mini, tifa ta juye yashi rabinsa a kan titi, rabinsa a cikin kwata. Na ji daɗin hoton, don na ga aiki na tafiya. Ban tambayi inda yashin zai kwana ba idan ruwan Agusta ya sauka, alhali na san gidan da ke gangare na wata dattijuwa ce, kuma na ƙasa ne.

Kafin mu bar bakin tafkin na kira ƙanena. Na ce a kwashe yashin a shigar da shi cikin fili, a jera bulo a tare shi, a yashe kwatar, ni zan biya leburorin.

Ya ce, "Yaya, wa ya kai ƙara?"

Na ce babu kowa, a dai kwashe kafin hadari ya haɗu.