Jaridar Bango

Ranar Juma'a ce, 23 ga Mayu 1986, ana cikin azumi. Direbobin da suka taso daga Zariya ne suka sauke labarin a tasha, kafin la'asar ya iso ɗakunan kwananmu: 'yan sandan kwantar da tarzoma sun shiga Samaru, sun buɗe wuta a kan ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello. Ni a wata jami'ar nake karatu, amma da wuya ka sami ɗakin da ba shi da ƙane ko ƙanwa ko ɗan garinsu a Samaru. Ga shi babu waya. A tsaitsaye aka sha ruwa, kowa ya kafa kunne a rediyo.

Abin ya samo asali ne daga tunawa da waɗanda aka kashe a 1978, lokacin zanga-zangar "Ali Must Go", da gwamnatin Obasanjo ta ƙara kuɗin abincin ɗalibai, Kanar Ahmadu Ali yana riƙe da ma'aikatar ilimi. Jerin gwanon tunawar ya ratsa ta Amina Hall, masaukin 'yan mata, inda aka hana maza shiga. Aka hukunta shugabannin ɗalibai, ɗalibai suka ce ba su yarda ba, aka kira 'yan sanda. Gwamnati ta ce mutum huɗu suka mutu. Ɗalibai suka ce sun fi haka.

Daren nan ban kwana a ɗaki ba. A gindin allonmu na kwana, ni da sauran 'yan ƙungiyar jaridar bango.

Allon katako ne mai faɗi, an kafa shi a jikin tsohon ɗakin cin abinci, wanda ya zama kango tun da aka janye tallafin abinci a zamanin Buhari. A nan muke liƙa rubutu, wani da biro a kan kwali, wani an buga shi da tafireta, wani zane ne kawai. Da safe sai ka kutsa kafin ka karanta. 'Yan gurguzu suna rubutu, 'yan ƙungiyar ɗalibai Musulmi ta MSS suna rubutu, 'yan ƙungiyar ɗalibai Kirista ta FCS suna rubutu, har da wani da ba ya rubuta komai sai kukan rashin ruwa a banɗaki. Idan aka taɓa ka, sai ka kawo raddi a liƙa shi kusa da abin da ya ɓata maka rai, a kan takarda mai girman tasa.

Kuma muna da iyaka, mu muka shata ta da kanmu. Ba a liƙa rubutun da ba sa hannu. Ba a zagin iyaye. Ba a taɓa annabin kowa ko littafin kowa. Na tuna wani yaro mai kaifin alƙalami da ya zana wata ɗaliba, ya sa sunanta, ya jingina mata abin da ba ta yi ba. Ta zo har gindin allon da la'asar, idonta ya kumbura, ta ce da editanmu, "Yaya, in ƙanwarka ce za ka bari?" Bai ce komai ba. Ya sa hannu ya ɓalle takardar, ya aika aka kira mai zanen. Ba a doke shi ba, ba a kai shi gaban hukuma ba. An sa shi ya rubuta ban-haƙuri da hannunsa, da cikakken sunansa da sashensa, takardar ta yi mako guda a tsakiyar allo. Ya ce an tauye masa 'yanci. Aka ce ya rubuta hakan ma, za a liƙa. Ya rubuta, aka liƙa, mutane suka yi masa ca da raddi har ya gaji.

To, a daren 23 ga Mayu, allon nan bai ishe mu ba. Har jikin bango aka liƙa takardu, da kokon da ya rage na shan ruwa, don gam ya ƙare. Abokin ɗakina, Kirista ne daga kudancin Kaduna, shi ke riƙe mini fitilar ƙwai ina rubutu. Da lokacin sahur ya yi, shi ya je ya samo mana burodi da shayi, ya ce, "Malam, ci ka ci gaba, rubutun bai ƙare ba."

Ba a daɗe ba aka rufe makarantar, kamar yadda aka rufe da yawa a faɗin ƙasar, aka ba mu 'yan sa'o'i mu kwashe kayanmu. Gwamnatin Babangida ta haramta NANS, ƙungiyar ɗalibai ta ƙasa. Ƙungiyar ƙwadago ta NLC ta shirya tattakin nuna goyon baya ranar 4 ga Yuni, aka hana. Aka kafa kwamitin Manjo Janar Emmanuel Abisoye, wanda ya ɗora laifi a kan malaman da ya ce suna koyar da abin da ba don shi ake biyansu ba. Wannan magana ta yi mana ciwo ƙwarai, domin mun san irin malaman da ake nufi: waɗanda ke sa ka karanta littafin da ba ka yarda da shi ba, sannan su tsayar da kai a gaban aji ka kare ra'ayinka.

Da muka dawo, sai da kowa ya sa hannu a takardar alkawarin zama lafiya. Ofishin ƙungiyar ɗalibai da kwaɗo a ƙofa. Allon kuwa an ciro shi, sai ramukan ƙusa. Muka je wurin wani babban jami'i muka roƙa. Ya karɓe mu da mutunci, ya ce, "'Ya'yana, magana zarar bunu ce. Ku yi karatunku ku tafi." Na yarda tsoron Allah da tsoron abin da zai same mu ne suka sa shi faɗin haka. Amma maganar ba ta daina zaruwa ba don an ciro allo. Komawa ta yi inda ba mai yi mata raddi. Musulmi suka koma masallaci suna magana da junansu, Kirista suka koma majami'a suna magana da junansu, kowace ƙabila ta farfaɗo da ƙungiyar 'yan garinsu. Wurin da dole ka karanta abin da wancan ya rubuta, ka haɗiye fushi, ka zauna ka ba shi amsa da hujja, shi ne aka rasa.

Wata tara da 'yan kwanaki bayan Samaru, ranar 6 ga Maris 1987, rikici ya tashi a Kwalejin Ilimi ta Kafanchan, a kan kalaman wani mai wa'azi a taron ɗalibai Kirista, waɗanda ɗalibai Musulmi suka ce ɓatanci ne. Cikin kwanaki wutar ta kai Kaduna da Zariya da Funtuwa da Katsina. An rasa rayuka, an ƙona majami'u masu yawa da wasu masallatai. A harabarmu ba a ƙona komai ba, amma na ga abin da ban taɓa gani ba. Mutanen da muka liƙa takarda tare da su a watan Mayu suka riƙa kwana rukuni-rukuni, kowa da sanda a ƙarƙashin katifa. Jita-jita ta yi yawa: an ce an ce, an ga wasu da galan na fetur. Babu inda za a rubuta cewa ƙarya ne a sa hannu. Abokin ɗakina ya naɗe katifarsa ya koma wajen 'yan cocinsu na kwana da kwanaki. Da zai fita ya ce, "Ba kai nake tsoro ba." Na ce na sani. Na riƙe masa jakarsa har bakin bene.

Har yau ina ganin akwai maganar da bai kamata a faɗe ta a tsakar jama'a ba, kuma wanda ya wulaƙanta abin da wani yake bauta wa ya yi ɓarna. Sai dai a allonmu na ga an tsawata wa mai irin wannan ɓarna ba tare da an zubar da jini ba, kuma ya gyaru.

Hukuma ba ta karanta abin haka ba. A 1988 aka ɗauke Patrick Wilmot, malamin nazarin zamantakewa a Zariya, ɗan asalin Jamaika, aka sa shi a jirgi zuwa Landan. A shekarar aka haramta ASUU, ƙungiyar malaman jami'o'i. A 1989 aka kori Dokta Yusufu Bala Usman, shi ma malami a Zariya, daga aiki, sai kotu ce ta mayar da shi. Mu kuwa muka gama muka fita ba tare da an sake kafa allon ba. Ƙannenmu da suka shigo bayanmu, da muka ba su labarin ana liƙa raddin ɗan FCS kusa da rubutun ɗan MSS a bar su mako guda ba mai yagawa, tambayarmu suka yi wa ke gadin takardun da dare.