Wasiƙa daga Abu Dhabi: Zagaye na 58

Abu Dhabi, 18 ga Disamba, 2021

Yaya Babba,

Ina fatan kana lafiya, da Hajiya da yara. Nan ma lafiya lau, zafi ya sauka, da asuba har sai mutum ya nemi rigar sanyi.

Ka tambayi abin da ya faru a tseren motocin Formula 1 da yara suke ta musu a kai. To, ina wurin. Wani abokin aiki ɗan Kerala ne ya ba ni tikitin da aka ba shi, don shi in ba kurket ba, ba ruwansa. Ranar Lahadi ce, 12 ga wata, kuma Lahadi a nan ranar aiki ce, sai da na roƙi rabin yini. (An dai sanar cewa daga Janairu hutu zai koma Asabar da Lahadi, Juma'a a yi rabin aiki.) A ƙofar filin Yas Marina kuwa, ba ka shiga sai manhajar Al Hosn ta nuna kore, shaidar gwajin korona.

Ƙarfe biyar na yamma aka tashi, rana na faɗuwa, aka ƙare cikin fitilu. Lewis Hamilton da Max Verstappen sun zo da maki daidai wa daida, 369.5 kowanne, wanda ya riga wani shi ne zakaran shekara. 'Yan Holand, magoya bayan Verstappen, sun cika wurin da riguna masu ruwan lemo, kai ka ce a garinsu ake yi.

Tun daga tashi Hamilton ya wuce gaba. Sergio Pérez ya tare shi na ɗan lokaci don taimakon Verstappen, abokin gidansu, amma a banza. Saura zagaye biyar cikin 58, tazarar ta haura daƙiƙa goma, sai wani direba, Nicholas Latifi, ya daki katanga. Aka fito da motar da ke jan ragamar sauran a hankali har a share hanya. Verstappen ba shi da abin asara, ya shiga gareji aka saka masa sababbin tayoyi masu taushi. Hamilton bai isa ya shiga ba, don da ya shiga da ya rasa gaba, sai ya zauna da tsofaffin tayoyin da suka sha kusan zagaye arba'in.

Ga inda gizo ke saƙar. Motoci biyar da aka riga aka zagaye suna tsakanin Hamilton da Verstappen. Da farko aka ce kowa ya tsaya inda yake. Can sai alƙalin tsere Michael Masi ya ce waɗannan biyar kaɗai su wuce, sauran a bar su, kuma bai jira ƙarin zagaye ɗayan da doka ta tanada ba. Kai da ka san sukuwa, kamar a tsayar da dokin da ya gaji ne a jera shi da wanda aka fito da shi yanzu daga barga. Aka ci gaba da tsere a zagaye na 58, a kwana ta biyar Verstappen ya wuce.

Ni ban ga laifin yaron ba. Shekararsa 24, an buɗe masa ƙofa ya shiga, kuma ya fi kowa cin tsere a bana. Laifin na mai alƙalanci ne, wanda ya fi son a ƙare da kallo mai daɗi a talabijin. Mercedes, gidan Hamilton, sun kai ƙara a daren, aka yi watsi da ita, shekaranjiya kuma suka janye ɗaukaka ƙarar. Hamilton da ya rasa kambu na takwas, wanda da ya ɗora shi sama da tsohon zakara Schumacher, ya je ya yi wa Verstappen murna, haka ma mahaifinsa Anthony. Wannan haƙurin ya burge ni.

Fita ce ta zama aiki: tasi ta yi tsada, na dawo gida bayan sha biyun dare. Kuɗin makarantar Ummi zan turo ƙarshen wata, in sha Allah. A gaida Hajiya, a ce ina neman addu'a.

Ƙaninka.