Ranar Da Aka Buɗe Akwatin Baba

Mahaifinmu, Allah Ya jiƙansa, ya yi shekara fiye da 40 yana saukar da fataken goro a unguwar Sabo ta Shagamu. Duk wanda ya san wannan sana'a ya san maigida ba masauki kaɗai ya ke ba baƙonsa ba. Shi ne mai tsaya masa a ciniki, shi ne kuma mai riƙe masa kuɗi har ranar da zai ɗaura kaya ya nufi Arewa. Saboda haka tun muna yara mun saba da ganin mutane suna shiga ɗakin Baba da ƙunshi a hannu su fito hannu sake, hankalinsu kwance. Da can cikin wata tsohuwar adaka ya ke ajiya. Daga baya mu 'ya'yansa muka matsa masa, wai zamani ya canja, muka sayo masa ɗan akwatin ƙarfe irin wanda a ke danna lambobi ya buɗe. Ni ne ma na zaɓo shi da hannuna a Ikko, ina ta yabonsa kamar ni na ƙera.

A cikin damina ta shekarar 2021 Allah Ya yi wa Baba rasuwa. Bayan an yi sadakar bakwai masu ajiya suka fara sallama, cikin kunya, kowa ya yi gaisuwa sa'an nan ya sunkuyar da kai ya ce yana da ɗan abu wurin marigayi. Akwai fatake huɗu, akwai wata gwauruwa mai tuwo da ke tara kuɗin aurar da 'yarta, akwai kuma kuɗin gyaran masallacin unguwa. Yayanmu ya san lambobin, ya danna, akwati ya yi shiru. Batir ya mutu. Irin wannan akwati kuwa daga ciki a ke sa masa batir, sai dai an yi masa makullin ko-ta-kwana domin irin wannan rana. Muka birkice ɗaki, muka zazzage aljihunan riguna, muka ɗaga katifa, makulli ya ce ku neme ni.

Yaya ya ce a kira mai walda ya yanka. Kawunmu ya ce a'a, wuta da takarda ba su haɗa hanya, idan littafin ajiya ya ƙone wa zai raba mu da mutane? Sai na tuna da wani dattijo mai gyaran kuba da yankan makulli da na sani a Ikko, Bayarabe ne amma tashin Kano, Hausarsa ta fi tawa. Na yi masa waya, kashegari da hantsi ya iso da 'yar jakarsa.

Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne bai ko dubi akwatin ba. Ya ce, “Ɗana, ina sauran magada? Ina liman? Ni ba na buɗe kayan mamaci sai a gaban masu hakki.” Sai da aka tara kowa, ɗaki ya cika har ƙofa, sa'an nan ya durƙusa ya cire wani ɗan marfi a fuskar akwatin. Sai ga ramin makulli, amma ba tsaga ba ce irin ta kwaɗon da muka saba da shi. Zagaye ya ke kamar zobe, da ɗan ƙarfe a tsakiya. Ya ciro wani abu mai kama da sukuddireba gajere, bakinsa kamar bututu, ya daidaita shi a tafin hannunsa, ya zura, ya danna a hankali yana ɗan murzawa, ya sassauta, ya sake dannawa. Ban ƙirga ba, amma na tabbata wanda ya ɗauki moɗar ruwa a lokacin da ya fara bai isa ya shanye ba sai muka ji ƙaras, ƙofa ta buɗe. Abin da idonmu ya fara sauka a kai shi ne makullan nan biyu, an ɗaure su da zare, suna kwance bisa littafin ajiya. Ashe Baba, don tsananin tsaro, ya adana su a wurin da ya fi amincewa da shi a duk gidan. Duk da muna cikin makoki sai da ɗaki ya ɗauki dariya.

Dariyar ba ta daɗe ba. Yaya ya dubi dattijon ya ce, “Baba, watau duk mai irin wannan ƙarfe zai iya buɗe shi haka?” Ya ce, “Irin wannan dai, ƙwarai kuwa.” Aka yi tsit. Aka shiga fito da ƙunshi ana ƙirgawa, kowa na karɓar nasa, har aka zo kan wani falke mutumin kirki wanda ya daɗe yana sauka gidanmu. Ya ƙirga, ya sake ƙirgawa, ya ce abin da ya bari ya fi wannan da kusan sulusi. Ba wanda ya ambaci sunana. Amma ni ne na kwana a ɗakin nan tun daren rasuwa, ni na sayo akwatin, ni na san mai buɗe shi, kuma kowa ya gani da idonsa cewa buɗewar ba ta bar ko ƙwarzane ba. Na ga Yaya, wanda muka sha nono ɗaya, ya kalle ni ya kau da kai. Kawu ya tambayi dattijon ko zai iya gane an taɓa buɗe kubar nan kafin yau. Na zuba masa ido ina fata ya ce a'a ba a taɓa ba. Ya girgiza kai ya ce, “Alhaji, ba zan yi rantsuwa a kan abin da ban sani ba. Da ido dai ba a ganewa.” Gaskiya ya faɗa, amma a wannan lokaci na ji haushin gaskiyar tasa.

Liman ne ya ce a miƙo littafi. Baba da ajami ya ke rubutu, kowane mai ajiya da shafinsa, kowace shiga da fita da ranarta da sunan wanda aka yi a gabansa. Aka buɗe shafin falken. A ƙasa an rubuta cewa ana saura kwana 9 Babbar Salla yaronsa ya zo da saƙo ya karɓi kaza domin biyan kuɗin mota, a gaban ladan. Ladan kuwa yana tsaye a bakin ƙofa, ya ce an yi haka. Falke ya dafe kai ya yi salati, ya ce wallahi ya sha'afa, ya yi ta ba da haƙuri. Aka shafa fatiha aka watse. Yaya bai taɓa ce mini kome a kan kallon nan ba har yau, ni ma ban tayar ba. Sai dai da dare ya kawo mini littafin da kansa ya ce in riƙe.

Bayan an natsa na zauna da dattijon na ce ya nuna mini sirrin abin da ya so ya raba ni da ɗan'uwana. Ya ce ba wani sirri. Cikin yawancin kuba na zamani akwai 'yan ƙusoshi, kowace an yi ta gida biyu, da sifirin yana turo ta. Muddin ba a tura kowace ƙusa daidai gwargwadonta ba, mahaɗar gidajen nan biyu ba za ta zo daidai da inda kubar ke juyawa ba, sai ta cije. A kwaɗon da muka saba da shi, irin wanda Linus Yale ƙarami ya kyautata a Amurka wajen 1861 zuwa 1865, ƙusoshin a jere su ke, wata bayan wata, cikin rami matsattse. A wannan mai zagaye kuwa an dasa su kewaye kamar mutane sun zauna cin tuwo, galibi guda 7, wani lokaci 8 ko 10, kuma kawunansu duka suna kallon waje. Makullinta ɗan bututu ne da aka fafe gefen bakinsa, wani wuri da zurfi wani wuri kaɗan. Ƙarfen da ya yi aiki da shi bututu ne mai girman makullin, an jera masa siraran tsinkayen ƙarfe guda 7 masu zamewa gaba da baya, da zoben roba da ke riƙe su tsam. Idan ana dannawa ana murzawa, kowace ƙusa da ta cije sai ta tura tsinkenta baya kaɗan kaɗan, har kowane tsinke ya tsaya daidai zurfin da makulli na ainihi ke da shi. Watau kubar ce da kanta ke faɗa wa ƙarfen siffar makullinta. In an ɗaure zoben, ƙarfen ya zama makulli ke nan, har a iya auna shi a yanka sabo. Ya ƙara da cewa masu tsada ba su ba da kai haka, don a kan bambanta ƙarfin sifirin da siffar ƙusoshin yadda za su ruɗar da tsinkayen.

Abin ya tsaya mini a rai har na shiga bin tarihinsa. Kamfanin Chicago Lock na Amurka ne ya yaɗa irin wannan kuba da sunan Ace tun wajen 1933, aka yi ta sa ta a injunan sayar da kaya da a ke jefa wa kwabo, da injunan wanki na haya, da kwaɗon keke, har da akwatunan kwamfuta na da. An daɗe ana ganin ta fi ta kullum tsaro, don kayan aikin ɓarayi na lokacin ba su dace da ramin zagaye ba. A watan Satumba na 2004 sai aka nuna a intanet yadda a ke buɗe wasu kwaɗunan keke na kamfanin Kryptonite da gangar biro ƙirar Bic, robar biron ce ke lotsawa ta ɗauki siffar makulli. Kamfanin ya karɓi kwaɗuna ɗaruruwan dubbai ya musanya wa mutane kyauta, ya kuma sauya irin kubar da ya ke sa musu.

A nan ne na yi ta gardama da zuciyata. Da farko na ce ai kamata ya yi a hana sayar da irin ƙarfen nan, a kuma hana bayyana yadda ya ke aiki. Sai na ci karo da labarin wata tsohuwar gardama a Ingila. A 1784 Joseph Bramah ya ƙera kuba mai makulli kamar bututu, wadda a ke ɗauka kakar wannan tamu ce. Ya ajiye ɗaya a tagar kantinsa a birnin Landan da alkawarin gini 200 ga duk wanda ya buɗe ta ba da makulli ba. Ta yi fiye da rabin ƙarni ba wanda ya iya, sai a 1851, lokacin babban baje kolin Landan, wani Ba'amurke mai suna Alfred Charles Hobbs ya buɗe ta bayan aikin sa'a 51 cikin kwana 16. Hankalin masu dukiya ya tashi, wasu suka ce tona asirin kuba koya wa ɓarayi sata ne. A littafin da ya fito da sunan Hobbs a 1853 an amsa musu da cewa ɓarayi sun riga kowa sanin wannan, mai kaya ne kaɗai a ke bari cikin duhu. Da na auna da abin da ya same mu sai na ga haka ne. Shekara da shekaru amanar mutane tana kwance a bayan kubar da ba ta iya tsayar da mai ƙarfen nan ko na minti ɗaya, kuma mu masu gidan ne kaɗai ba mu sani ba. Rashin sani ya fi dare duhu.

Ba ina cewa a zubar da akwatunan ƙarfe ba ne. Kuba tana da aikinta, tana hana yaro da mai ɗan hali da wanda zuciya ta ɗebe shi na ɗan lokaci, tana kuma ɓata wa ɓarawo lokaci. Amma mai saye ya ɗaga ɗan marfin nan ya ga irin ramin makullin ko-ta-kwana, ya tambayi mai gyaran kuba kafin ya biya, kada ya tambayi mai kanti kaɗai. Ya kafe akwatin a bango ko a ƙasa, don wanda a ke iya saɓawa a kafaɗa ba ya bukatar a buɗe shi a gidanka. Ya canja batir kafin ya mutu. Makullin kuwa a ba wani amintacce a wani gida dabam, kada a bi sawun Baba a nan.

Inda ya kamata a bi sawunsa shi ne wajen littafi. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani mai girma, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, mu kuwa mun mai da rubutu tsakanin aminai kamar alamar rashin yarda. Da Baba ya ji nauyin falken nan ya ƙi rubuta abin da yaronsa ya karɓa, da har in mutu ana nuna ni da baki a Sabo, kuma ba ni da abin da zan wanke kaina da shi. Akwatin yana nan a ɗakina, an sa masa sabuwar kuba, takardun makarantar yara na ke ajiyewa a ciki. Littafin kuwa na ci gaba da shi daga shafin da Baba ya tsaya, kuma ba na karɓar ko sisin wani sai an kira mutum na uku ya zauna. Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya ba mu ikon riƙon amana.