Kafin Ka Sayi 'Yar Kwatano, Ka Tuna da Rairayin Gure

Tun da muka taɓo zancen motoci a shirinmu na yamma, wayata ba ta huta ba. Malaman lakwal, 'yan kasuwar dabbobi, ma'aikatan likita, har da wani dattijo da ɗansa ya aiko masa kuɗi daga Libiya, duk tambayarsu guda ce: da ɗan abin da na tara, wace mota zan saya? Minti talatin na rediyo bai isa ba, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta.

Amsata a taƙaice ita ce: mota mai araha a Gure ita ce wadda makanikenka ya san cikinta, kuma ake samun kayan gyaranta a Damagaram cikin yini guda. Kuɗin da ka miƙa ranar saye somin taɓi ne kawai.

Mu fara da kasuwar. Shekara da shekaru motocinmu ta tashar jirgin ruwan Kwatano suke shigowa, su hau kwalta har Malanbil, su ƙetare gada zuwa Gaya. Shi ya sa muke ce musu 'yan Kwatano, ko da a Beljiyam ko Jamus suka tsufa. Bayan 26 ga Yuli 2023 aka rufe wannan iyakar, kaya suka koma bi ta Lome da Burkina Faso, hanya ta yi tsawo, kuɗin kawowa ya hau. To, idan sabuwar shigowa ta yi tsada, wadda ta sha wuya a cikin ƙasa sai a yi mata wanka da fenti a ce jiya ta sauka. Saboda haka kada ka je kallon mota kai kaɗai. Ɗauki makaniken da zai riƙa gyara ta, ka biya masa kuɗin mota da na abinci. Wallahi ba ka taɓa kashe kuɗin da ya fi wannan amfani ba.

In kun isa, kada ku yarda da lambar kilomita da ke kan kontar, ana mayar da ita baya. Ku dubi fedar burki da ta kuloci, ku dubi sitiyari da kujerar direba. Su ba sa ƙarya. Ku leƙa ƙarƙashi, domin a Turai ana zuba gishiri kan hanya lokacin ƙanƙara, kuma gishirin nan yana cin shasi. Ku sa a tayar da injin da sanyinsa: shuɗin hayaƙi na nufin yana shan man inji, farin hayaƙi mai kauri da ba ya ɗaukewa kuwa alama ce ruwa na shiga inda bai kamata ba. Lambar shasi, mai haruffa da lambobi 17, dole ta zo daidai da ta takardar duwan da ta kart giris. Harafi ɗaya ya saɓa, ka bar musu kayansu. Motar da sitiyarinta ke hannun dama ma a bar ta. Mu ta dama muke tuƙi, kuma duk wanda ya taɓa son wuce kamiyo tsakanin Gidimuni da Gidigir ya san amfanin ganin abin da ke tahowa.

Wace iri ke nan? Ni Toyota Carina E nake ja, ƙirar 1996, injin esans 1.6, giyar hannu. An daina ƙera ta tun 1997, kuma babu yaron da zai juyo ya kalle ta. Amma duk garejin da na shiga an san ta. Corolla na ƙarshen shekarun 1990 da farkon 2000 da Avensis ta farko duk dangi ɗaya ne, kayansu na nan a Damagaram, in ya ɓace a can ana kawowa daga Kofar Ruwa ta Kano. Mai yawan shiga Kelle ko Bune ko ƙauyukan kwari, RAV4 ta farko za ta fi masa, don ta fi tsayi daga ƙasa. Wanda aikinsa Tesker ne, gaskiya ɗaya ce: sai Hilux ko Land Cruiser, in kuɗin bai kai ba ya ci gaba da shiga ta haya, ba abin kunya ba ne. Giyar hannu na fifita saboda in batir ya mutu a daji, mutum uku sun isa su tura ta tashi. Sababbin injinan gazuwal masu kwamfuta kuwa ba sa jure gurɓataccen mai, kuma mu duka mun san man kwalba na bakin hanya.

Akwai wani maƙwabcina da ya sayi wata dalleliyar motar Jamus, kujerun fata, komai da maɓalli. Wata uku ya ji daɗinta. Wani ɗan akwatin lantarki da bai fi tafin hannu ba ya ƙone, yau kusan shekara tana kan duwatsu, awaki na shan inuwa a ƙarƙashinta. Kuɗin fili ne ya sayar ya saye ta.

Sai zancen da samari suka fi so, wato yi wa mota kwaskwarima. Ban hana ba, nima ina son abu mai kyau. Sai dai gyara yana da tsari, kuma zafi da ƙura da rairayi ne ke gaba a layi.

Na farko, sanyaya inji. A wanke radiyatar, a tabbata fanka na tashi, a zuba ruwan radiyatar na gaske. Ruwan rijiyoyinmu da yawa yana da kanwa, yana toshe ƙananan bututu yana cin ƙarfe a hankali. Kuma kada ka bari a cire maka tarmosta da sunan wai ta ƙasar sanyi ce. In ta lalace a sa sabuwa. Na biyu, a yi bidanj, a sauya filtar mai da ta iska, a sauya bel ɗin da ke haɗa saman inji da ƙasansa in motarka mai bel ce, tunda ba ka san yaushe Bature ya sauya shi ba. Lokacin hunturu ina kakkaɓe filtar iska duk mako.

Na uku, taya. A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu: 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019. Tayar da ta tsufa, ko da zanenta na nan, tana iya fashewa a kwaltar watan Afrilu. Mai hoton ƙanƙara a jiki ta sanyin Turai ce, zafinmu na cinye ta da wuri. Manyan janti masu ƙyalli da siririyar taya kuwa, rami ɗaya ya isa ya lanƙwasa su. Taya mai kauri ita ce tamu, don ita za ka iya rage wa iska in ka shiga rairayi, ka sake hurawa in ka hau kwalta. Ka ajiye famfo da shebur da taya ta sakaya mai lafiya a but.

Na huɗu, ƙarfen kariya a ƙarƙashin inji da sababbin amortisar. In za a ɗaga motar, santimita 3 ko 4 ya wadatar. Wuce haka kardan ne zai riƙa biya. Bayan duk wannan, in kuɗi ya rage, sa rediyonka mai kyau, ka ma kama tasharmu. Amma fitilun nan masu kashe ido, don Allah a tausaya wa mai tahowa da amalanke.

Ga ɗan lissafi. Gure zuwa Damagaram kilomita 160 ne da 'yan kai, zuwa da dawowa kusan 330. Motar da ke shan lita 8 a kilomita 100 za ta ci kamar lita 26. A farashin 499 da aka sa wa litar esans a Yulin 2024, jika 13 ke nan. Mai shan lita 14 za ta ci jika 23. Ka ninka bambancin da yawan tafiyarka a shekara, ka ƙara asirans da binyat. Shi ya sa nake cewa in kana da miliyan uku, nemi motar miliyan biyu da 'yan kai, sauran na gyaran farko ne da takardu.

Abin da ya sa na dage kan wannan magana shi ne, a garinmu mota ba ta mai ita kaɗai ba ce. Bara da damina, ƙarfe biyun dare, aka buga mini ƙofa: matar ƙanena na naƙuda, an ce sai babbar likitar Damagaram. Ina murza makulli Carina ta amsa. Tsawon hanyar nan idona na kan allurar zafi, ba ta motsa ba, ana kiran assalatu muka shiga gari. Yarinyar yanzu tana rarrafe. Duk wanda ya ajiye mota a unguwa, irin wannan daren na nan tafe gare shi, kuma ranar babu mai tambayar launin janti.

Saboda haka in ka tashi saye, ka tafi da makanikenka, ka duba takardu da rana tsaka, kada ka biya a ranar da ka fara ganinta. Allah Ya sa a saya a sa'a, Ya kiyaye mana hanya. Sai mun haɗu a shiri na gaba.